Ruwa ba ya tsami banza: Yadda gwaji ke bambance ruwan da ke taruwa a ƙirji

"Akwai ruwa a huhu." Da wuya a yi mako guda a babban asibiti ba a faɗa wa wani majinyaci ko 'yan uwansa wannan magana ba. Da zarar an ji ta sai hankali ya tashi, tambayar da ke biyo baya kuwa kusan ɗaya ce: yaushe za a zuƙe shi?

Zuƙe ruwan yana kawo sauƙin numfashi, amma a wurin likita a nan ne ma aikin yake farawa. Taruwar ruwa a ƙirji alama ce kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma cututtukan da aka san suna haddasa ta sun haura 50. Akwai ciwon zuciya, da tarin fuka, da nimoniya, da ciwon hanta, da na ƙoda, da sankara. A hoton ƙirji dukansu fari iri ɗaya suke nunawa, amma maganinsu ya sha bamban. Wani ƙwayoyin sa fitsari kawai yake buƙata, wani sai ya sha maganin tarin fuka na wata shida, wani kuma in ba a sa masa roba a haƙarƙari an tsiyaye mugunya cikin gaggawa ba, yana iya rasa ransa.

Abin da ke raba gardama shi ne 'yar kwalbar ruwan da ake aikawa ɗakin gwaje-gwaje. Sanin abin da ake nema a cikinta zai taimaki majinyaci da mai jinya su fahimci dalilin da ya sa likita yake nacewa a kan gwaji, alhali su suna ganin ai ciwon ya riga ya bayyana.

Ina ruwan yake taruwa?

Duk da cewa an saba cewa "ruwa a huhu", a irin wannan lalura ruwan a wajen huhun yake. Kowane huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani, wani tantanin kuma yana shimfiɗe a jikin haƙarƙari ta ciki. Tsakanin su biyun akwai ɗan ruwa da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, wato kamar mililita 10 zuwa 20, wanda amfaninsa daidai yake da na man da tela ke ɗiga wa keken ɗinki. Shi ke sa huhu ya buɗe ya rufe ba tare da guga ba.

Jiki yana samar da wannan ruwa kullum, yana kuma shanye shi kullum. Idan abin da ake samarwa ya fi wanda ake shanyewa, sai ya fara taruwa. Yana iya kai lita biyu, uku, har fiye, ya danne huhun ya hana shi buɗewa. Daga nan mutum ya fara haki ko da 'yar tafiya ce, ga busasshen tari, wani lokaci da sukar haƙarƙari mai ƙaruwa idan ya ja numfashi.

Kafin a kai ga na'ura, likita kan ƙwanƙwasa ƙirjin da yatsa. Inda iska take yana amsawa kamar ganga, inda ruwa yake kuwa sautin a dushe yake. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, shi ne ya wallafa wannan dabara a 1761, kuma har yau ana koyar da ita. Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa duro don ya san inda ruwa ya tsaya, ya san hikimar.

Hoton ƙirji na gaba ba ya nuna ruwan sosai sai ya kai kimanin mililita 200. Sikanin yana iya ganin wanda bai kai haka ba nesa ba kusa ba, yana kuma nuna ko ruwan a sake yake ko ya rarrabu ɗaki-ɗaki. Sai dai hoto da sikanin iyakarsu su ce ga ruwa. Ba su faɗin wane iri ne.

Yadda ake ɗebo ruwan

Akan zaunar da majinyaci ya ɗan duƙa gaba, a wanke bayansa, a yi allurar kashe zafi, sannan a soka allura tsakanin haƙarƙari biyu. Ana bi ta saman ƙashin ne, domin jijiyoyin jini a ƙarƙashin kowane haƙarƙari suke kwance. Idan akwai sikanin a kusa ya fi, don yana rage haɗarin taɓa huhu da shigar iska cikin ƙirji.

Don gwaji kawai, kimanin mililita 50 ya wadatar. Idan kuma ana son a rage wa mutum nauyi ne, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a wuce lita ɗaya da rabi a zama guda, saboda huhun da ya daɗe a danne yana iya kumbura idan ya buɗe farat ɗaya. Wannan ne ya sa wani lokaci likita kan tsaya alhali ruwa bai ƙare ba, abin da kan sa masu jinya su yi zaton an yi musu rabin aiki.

Akwai wani abu da ake yawan raina wa: a ranar da aka ɗebi ruwan, dole a ɗebi jinin majinyacin. Babban gwajin kwatance ne tsakanin abin da ke cikin ruwan da abin da ke cikin jini. Wanda ya biya kuɗin gwajin ruwa ya ƙi na jini don ya rage kashe kuɗi, ya rage wa sakamakon amfani ƙwarai.

Abin da ido ke gani

Gwajin farko a sirinji yake. Ruwa garau mai ɗan fatsi-fatsi shi ne aka fi gani, kuma shi ne ya fi ruɗi, domin ciwon zuciya yana ba da irinsa, tarin fuka ma haka. Ruwa mai kauri kamar kunu, wani lokaci da wari, mugunya ce, ba a jiran wani sakamako kafin a sa roba. Mai jini-jini yana sa a yi tunanin sankara, ko rauni, ko gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, ko da yake tarin fuka ma yana iya yin haka. Fari kamar nono yana nuni ga maiƙon abinci da ya yoyo daga hanyarsa. Mai launin ƙasa-ƙasa da kauri, musamman a ɓangaren dama, yana iya zama ƙurjin hanta ne na cutar amiba ya fashe ya hau ƙirji.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Ido yana ba da haske kawai, hukuncin na ɗakin gwaji ne.

Ruwan tsattsafo da ruwan kumburi

Likitoci sun kasa ruwan ƙirji gida biyu, kuma duk sauran bincike a kan wannan rabo yake hawa.

Na farko shi ne wanda za a iya kira ruwan tsattsafo, wanda a takardar asibiti ake kira turansudet. A nan tantanin lafiyarsa ƙalau, matsalar daga wani wuri ta taso. Ko dai zuciya ta gaza tura jini ya taru a baya, ƙarfinsa ya matso ruwa waje, ko kuma furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi ya yi ƙasa saboda hanta ta lalace, ko ƙoda tana zubar da shi a fitsari, ko tsananin rashin abinci mai gina jiki. Kamar matacin koko ne mai kyau: komai matsar da aka yi masa, tsararon ruwa ne zai fita, dusa ta tsaya.

Na biyu shi ne ruwan kumburi, wato egzudet. A nan tantanin ne da kansa ko huhun da ke maƙwabtaka da shi ya kamu, ta hanyar ƙwayar cuta ko sankara ko wani kumburi. Ƙananan jijiyoyin sun buɗe, matacin ya yage, don haka furotin da ƙwayoyin jini da sauran tarkace suna bin ruwan su fito.

Amfanin rabon a fili yake. In ruwan tsattsafo ne, ba a wahalar da majinyaci da ƙarin huda, sai a koma kan zuciya ko hanta ko ƙoda, kuma da an gyara can ruwan kan janye da kansa. In na kumburi ne, ba a hutawa sai an gano abin da ya taɓa tantanin.

A Arewacin Najeriya gidan farko yana da jama'a. Hawan jinin da ba a kula da shi ba yana kan gaba wajen kashe ƙarfin zuciya. Cutar hanta nau'in B, wadda ta yaɗu sosai a ƙasar, tana ƙanƙance hanta, ruwan ciki ya bi ta ƙananan ƙofofi ya hau ƙirji, galibi ta dama. Ga kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa a Zariya a shekarun 1970, har suka alaƙanta shi da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya fi karkata ga ramar jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyom, da hawan jinin masu ciki. Ko ma mene ne sanadin, mai jegon da ke haki da kumburin ƙafa, aka ga ruwa a ƙirjinta, a fara duba zuciyarta kafin a ce tarin fuka ne.

Ma'aunin Light

An daɗe ana neman hanyar raba gidajen biyu. A ƙarshen ƙarni na 19, wani likita ɗan Italiya mai suna Fabio Rivalta ya fito da gwaji mai sauƙi: a ɗiga ruwan ƙirjin cikin ruwan da aka sa wa ɗan ruwan tsami. In ɗigon ya narke ya ɓace, tsattsafo ne. In ya dunƙule yana sauka kamar hayaƙi, na kumburi ne. Daga baya aka koma auna furotin, aka ce duk ruwan da ya haura giram 3 a kowace desilita na kumburi ne. Wannan ma yana kuskure da yawa, musamman ga wanda furotin ɗin jininsa ya yi ƙasa ko ya yi sama.

A 1972, wani matashin likita a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, Richard Light, tare da abokan aikinsa, ya wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan ruwan ƙirji 150. Abin da ya fito da shi ne ake kira ma'aunin Light, kuma fiye da shekara 50 ke nan shi ne dai ake amfani da shi a duniya. Light ya rasu a 2021.

Ma'aunin yana dogara ne kan abubuwa biyu. Na ɗaya furotin. Na biyu wani sinadari da ake kira LDH, wanda yake cikin ƙwayoyin halittar jiki, yakan fito waje idan suka lalace. Ana cewa ruwa na kumburi ne idan ya cika ko da ɗaya daga cikin sharuɗɗa uku:

Na farko, idan aka raba furotin ɗin ruwan da na jini, amsar ta haura 0.5.

Na biyu, idan aka raba LDH na ruwan da na jini, amsar ta haura 0.6.

Na uku, idan LDH na ruwan ya haura kashi biyu cikin uku na iyakar da ɗakin gwajin ya ɗauka a matsayin lafiya a jini.

In bai cika ko ɗaya ba, ruwan tsattsafo ne.

Ga misali don a gane. A ce mutum biyu furotin ɗin jininsu 7.0 ne kowanne. Na farko an sami 2.1 a ruwan ƙirjinsa, amsar rabawa 0.3 ke nan. LDH na jininsa 200, na ruwan 90, amsa 0.45. Idan iyakar ɗakin gwajin 250 ce, kashi biyu cikin ukunta ya kama kusan 167, shi kuwa 90 gare shi. Bai cika ko ɗaya ba, sai a nufi zuciyarsa ko hantarsa ko ƙodarsa. Na biyun an sami 4.9 a ruwansa, amsa 0.7. Wannan kaɗai ya isa a ce na kumburi ne.

Abin sha'awa shi ne ma'aunin ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman. Ɗakin gwajin da ke iya auna furotin da LDH a jini zai iya auna su a ruwan ƙirji, sauran aikin kuwa lissafi ne da ko a waya za a iya yi.

Inda ma'aunin ke tuntuɓe

An tsara ma'aunin Light ne don kada ruwan kumburi ya kuɓuce, kuma yana kama kusan 98 cikin 100 na irinsa. Farashin wannan tsanani shi ne yakan yi wa marar laifi ƙazafi: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tsattsafo yakan fito a matsayin na kumburi.

An fi ganin haka ga masu ciwon zuciya da suka riga suka fara shan maganin sa fitsari irin su Lasix. Maganin yana janye ruwan ya bar furotin a baya, kamar miyar da aka bari a wuta ta tsotse ta yi kauri. Da an auna sai lambobin su ɗan haura iyaka. Wannan ya shafe mu kai-tsaye, domin da yawa sai sun sha irin waɗannan ƙwayoyi daga kemis na kwanaki kafin su zo asibiti, kuma ba kowa ne ke faɗa wa likita ba.

Idan likita ya ga alamun zuciya a fili amma ma'aunin ya ce kumburi, akwai gwajin tantancewa. A cire albumin na ruwan daga na jini, in ragowar ta haura giram 1.2 a desilita, ruwan tsattsafo ne. Ko a yi hakan da jimillar furotin, in ragowar ta haura 3.1. Akwai kuma wani sinadari mai suna NT-proBNP da zuciya ke fitarwa idan ta wahala, wanda in ya haura 1,500 yana ƙarfafa cewa ita ce tushen ruwan. Ana samunsa a manyan ɗakunan gwaji, sai dai ya fi sauran tsada.

Tarin fukan da ke ɓuya

A ƙasashen da tarin fuka ya yi ƙaranci, in an ce ruwan kumburi ne sai tunani ya tafi kan nimoniya da sankara. A Najeriya lissafin daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙasar ta ɗaya a Afirka kuma ta shida a duniya wajen yawan masu cutar, inda ta ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan na kamuwa a shekara. Tantanin huhu kuwa yana cikin wurare biyu da cutar ta fi kamawa a wajen huhu, ɗayan shi ne kaluluwa. Saurayi ko budurwa mai zazzaɓin dare, da gumi, da rama, da ruwa a ɓangare guda na ƙirji, tarin fuka ne zargin farko.

Matsalar ita ce tabbatarwa. A irin wannan ciwo ƙwayoyin cutar ba su da yawa a cikin ruwan, domin yawancin ruwan martanin jiki ne ga 'yan ƙwayoyin da suka shiga. Dubawa a madubin likita ba ya ganin su sai a ƙasa da mutum 10 cikin 100. Renon ƙwayar a ɗakin gwaji yana ɗaukar makonni, kuma sau da yawa ba ya kamawa. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana da ƙarfi ƙwarai a kan kaki, tana ba da amsa cikin kimanin awa biyu, har ta faɗi ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Amma a kan ruwan ƙirji takan tsallake da yawa. In ta ce akwai, to akwai. In ta ce babu, magana ba ta ƙare ba. Wannan ne wurin da mutane da dama ke ruɗewa, su riƙe takardar da ta ce ba a ga komai ba su koma gida.

Abu biyu ne ke cike giɓin. Na farko ƙidayar fararen ƙwayoyin jini da ke cikin ruwan. A tarin fuka nau'in da ake kira limfosait ne ke rinjaye, a nimoniya kuwa niyutirofil. Na biyu gwajin ADA, wani sinadari da limfosait ke fitarwa idan suna yaƙi da ƙwayar tarin fuka. Wasu likitoci a Italiya ne suka nuna amfaninsa a 1978. Idan ya haura 40 a ruwan da limfosait suka rinjaya, a ƙasa irin tamu, hujja ce mai ƙarfi, domin yana kama kusan 9 cikin 10 na masu cutar. Idan ya yi ƙasa sosai, da wuya ya zama tarin fuka. Yakan hau kuma a mugunya, da sankarar kaluluwa, da wani nau'in amosanin gaɓɓai, don haka ba a karanta shi shi kaɗai.

Idan shakka ta ci gaba, akan yanko ɗan ƙaramin yanki na tantanin a duba. Allurar da wani likitan Birtaniya, Leon Abrams, ya ƙirƙira a 1958 har yau tana wannan aiki, kuma tana tabbatar da tarin fuka a mafi yawan masu shi. Ana kuma so a gwada kaki ko da hoto bai nuna tabo a huhu ba, a kuma yi gwajin cutar HIV, kamar yadda ake yi wa duk mai tarin fuka.

Akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Ruwan tarin fuka yakan janye da kansa cikin 'yan watanni ko ba a sha magani ba. Mutum ya ga ya warke, ya gode wa jiƙon da ya sha. Amma wani bincike da Roper da Waring suka wallafa a 1955 kan sojojin Amurka da suka yi irin wannan ruwa ba a ba su maganin cutar ba, ya nuna kusan 65 cikin 100 sun dawo da cikakken tarin fuka cikin shekara biyar. A lokacin kuwa cutar tana iya kama huhu ta bi iyali.

Idan ruwan ya yi tsami

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, a ɗakin gwaji kuwa maganar a zahirinta take. Nimoniya takan tara ruwa a gefen huhu. Da farko ruwan tsabtatacce ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ishe shi. Idan ƙwayoyin suka shiga cikinsa, su da fararen ƙwayoyin jini sai su cinye sikarin da ke ciki su bar tsami. Ana auna tsamin da ma'aunin pH. In ya faɗi ƙasa da 7.2, ko sikarin ya yi ƙasa da miligiram 60 a desilita, alama ce cewa allura da ƙwayoyi kaɗai ba za su iya ba, sai an sa roba.

Jinkiri a nan yana da tsada. Cikin kwanaki ruwan yakan yi zare-zare ya rarrabu, ya zama mugunya, daga baya wani ɓawo mai kauri ya naɗe huhun ya hana shi buɗewa, sai an yi tiyata an ɓare. Yara ƙanana sun fi faɗawa cikin wannan, musamman bayan ƙyanda ko tamowa. Allurar rigakafin nimoniya da Najeriya ta fara sakawa cikin jerin na jarirai a ƙarshen 2014 tana cikin abin da ke rage irin wannan.

Gwajin pH yana son hanzari, kuma iska ko maganin kashe zafi da ya rage a sirinji yana iya sauya sakamakon. Inda babu na'urarsa, sikarin ruwan ne madadin. Shi ma renon ƙwayar cuta ya fi kamawa idan an zuba ruwan cikin kwalaben renon jini tun a bakin gado. Duk da haka kusan 4 cikin 10 ba sa nuna komai, musamman ga wanda ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya zo.

Sankara, jini da ruwa mai kamar nono

Ga wanda ya manyanta, ko macen da ke da ƙulli a mama, ko wanda ruwansa ke dawowa bayan kowace zuƙa, dole a nemi ƙwayoyin sankara. Sankarar huhu, da ta mama, da ta kaluluwa su ne kan gaba wajen tara ruwa a ƙirji. Dubawar farko tana kama kusan 6 cikin 10, ta biyu ta ɗan ƙara. In sau biyu ba a gani ba kuma zargin yana nan, sai a koma yanko tantani.

In ruwan ja ne sosai, ana auna kaurin jininsa. Ya kai rabin na jinin jiki, to zubar jini ce a ƙirji, kamar yadda ake gani bayan haɗarin mota ko babur ko harbi, kuma tana son roba nan take. In fari ne kamar nono, ana auna maiƙon da ake kira tiraigiliseraid. Ya haura miligiram 110 a desilita, to jijiyar da ke ɗauko maiƙon abinci daga hanji ta bi ta ƙirji ce ta fashe ko ta toshe. Sinadarin amiles kuma yakan hau idan matsalar daga gaɓar ciki mai sarrafa sikari take, ko maƙoshi ya huje.

Haɗarin magani a kan zato

A asibitoci da dama, musamman na karkara, ba a samun ADA ko mai duba ƙwayoyin sankara, ga kuma aljihun majinyaci. Saboda haka akan fara maganin tarin fuka a kan zato. Sau da yawa zaton yana dacewa, don cutar ta yi yawa. Amma idan bai dace ba, asarar babba ce. Maganin wata shida ne, wata biyu da ƙwayoyi huɗu, wata huɗu da biyu, kuma uku daga cikin huɗun suna iya taɓa hanta. Mai ciwon hanta da aka ɗora a kansu bisa kuskure, an ƙara masa ciwo kan ciwo. Mai jego mai raunin zuciya ta yi watanni ba ta sami abin da take buƙata ba. Mai sankara kuwa ya yi asarar lokacin da ba ya dawowa.

Furotin da LDH da sikari da ƙidayar ƙwayoyin jini ba su cikin gwaje-gwaje masu tsada, kuma su kaɗai suna iya fitar da masu zuciya da hanta da ƙoda daga layin tarin fuka. Inda aka fara magani a kan zato, ya kamata a sa ido: in an yi makonni babu sauƙi, ko ruwan yana dawowa, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri suna da sassan ƙirji da ɗakunan duba nama, ga kuma cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye a Zariya. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su, kuma ana iya kiran 3340 kyauta don neman bayani.

Abin da mai jinya zai riƙe

Idan an ce akwai ruwa a ƙirji, a tambayi likita cikin ladabi: za a aika ruwan gwaji? An ɗebi jini tare da shi? Na tsattsafo ne ko na kumburi? In na kumburi ne, me ake zargi, kuma wane gwaji ne ya rage?

A faɗa wa likita duk maganin da aka sha kafin zuwa, na kemis da na gargajiya, musamman na sa fitsari, da na kashe ƙwayoyin cuta, da na tsinka jini. Kada a zubar da ruwan da aka zuƙo a karon farko ba a gwada ba, kuma in an ba mai jinya kwalbar ya kai, ya kai ta nan take, kada ta kwana a aljihu. A guji sakiya da ƙaho a haƙarƙari, don ba sa kaiwa inda ruwan yake, hudawa kuma tana iya shigar da iska ko ƙwayar cuta cikin ƙirji.

Sannan a adana takardun sakamako da hotuna wuri guda. Ruwan ƙirji yakan dawo, kuma likitan da zai karɓi majinyacin a gaba, ko a wani gari ne, da waɗannan lambobin zai san inda aka tsaya ba sai an sake huda shi daga farko ba.